Amsoshin Tambayoyinku: Garuruwanmu da Ke Zaune a Kan Tsohon Teku

TAMBAYA: Ni malamin sakandare ne a Ajingi, labarin ƙasa nake koyarwa. Kwanan baya na ji a rediyo an ba da tarihin wani ƙauye a Jamus wanda ya yi suna a duniya saboda ƙasusuwan dabbobin dauri da ake tonowa a gefensa. Da na ba ɗalibaina labarin, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu me ya sa ba mu da irin wannan? Kullum ana haƙa rijiya da kududdufi a Gaya da Ajingi, amma ba a taɓa cin karo da komai ba." Na yi ta kame-kame har aka tashi. Don Allah a ba ni tarihin ƙauyen nan, a kuma gaya mini ko akwai irinsa a ƙasar Hausa. Sannan ko waɗannan ƙasusuwa na ruwan Ɗufana ne?

AMSA: Ka gaishe mana da yaron nan, domin tambayarsa ta fi ta manya da yawa nauyi. Amsarta a gajarce ita ce muna da irinsa, har fiye da ɗaya, sai dai ba a ƙasar Kano ba. Amma bari mu bi ta hanya, mu fara da Jamus tunda daga can maganar ta taso.

Ba ka faɗi sunan ƙauyen ba, kuma Jamus tana da irinsa da dama. Akwai Solnhofen, inda a 1861 aka sami gawar wani tsuntsun dauri mai haƙora da doguwar wutsiya kwance cikin farin dutse. Akwai Holzmaden mai dabbobin teku. Amma wanda labarinsa ya fi amfani gare mu shi ne Messel, wani ƙaramin gari mai mutum kamar 4,000 kusa da birnin Darmstadt, kudu da Frankfurt. Garin manoma ne da ba wanda ya san da zamansa, sai a ƙarni na 19 da aka gano wani baƙin dutse mai maiƙo a gefensa, aka shiga haƙa ana dafa shi ana tatsar mai. Haƙar ta bar wani wawakeken rami mai zurfin mita 60. A cikin wannan baƙin dutse ne ma'aikata suka riƙa cin karo da gawarwakin dabbobi.

Shekara miliyan 47 da suka wuce, tafki ne mai zurfi a wurin, a cikin bakin wani dutse mai aman wuta. Can ƙasan tafkin babu iskar da ƙwayoyin ruɓa suke bukata, saboda haka duk abin da ya faɗa ciki sai laka ta rufe shi yadda yake. An sami dawakai 'yan ƙanana da ba su fi kare girma ba, har da goɗiya da ɗa a cikinta. An sami jemagu da ragowar ƙwarin da suka ci a tumbinsu. An sami buzuzu da ƙyallin bayansa bai dushe ba.

A 1971 aka daina haƙar mai, sai hukuma ta yanke shawarar mayar da ramin juji, a riƙa kwaso sharar birane ana zubawa. Mutanen garin da masana suka ce atafau. Aka yi ta ja-in-ja da shari'a kusan shekara ashirin, har gwamnatin jihar Hesse ta saye wurin a 1991, sannan a 1995 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ta gada. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Yanzu ga tambayar yaron. Ƙashi ba ya zama dutse haka kawai. In jaki ya mutu a bayan gari, ungulu da karnuka da gara da rana za su gama da shi kafin damina biyu. Wanda yake tsira shi ne wanda laka ko yashi ya binne da wuri a ƙarƙashin ruwa, wani shimfiɗin laka ya hau kan wani, shekaru suna ta wucewa, ruwan ƙasa yana ratsa ƙofofin ƙashin yana ajiye ma'adini a ciki har ya cika su. Ranar da na fara riƙe irin wannan ƙashi, a ɗakin ajiyar duwatsu na wata jami'a, gaɓar gadon baya ce da ba ta fi dunƙulen hannu ba. A ido kamar wadda za ka tsinta a bayan mahauta, har da ramin da ɓargo yake bi. Da na ɗaga sai hannuna ya yi ƙasa, domin nauyin dutsen niƙa ne da ita, ga sanyi, in ka ƙwanƙwasa da makulli sai ta yi ƙara kamar tangaran.

Ke nan sai ƙasar da asalinta laka ce da ta kwanta a ruwa take ajiye irin wannan kaya. Ka tambayi duk mai haƙar rijiya a wajenku, zai lissafa maka abin da yake tararwa daki-daki: ƙasar noma a sama, sai jar ƙasa, sai marmara, wani wuri yumɓu ko yashi, daga nan sai ya ce ya tarar da fa, diga ta ƙi ci. Wannan fa ɗin shi ne tushen mafi yawan ƙasar Kano. Tsohon dutse ne da zafin cikin ƙasa ya narkar ko ya gasa, mafi yawansa ya haura shekara miliyan 500, kuma abin da ya bi ta wuta ba ya riƙe ƙashi. Daga wajenku in aka nausa gabas, ta Ringim zuwa Haɗeja, yashi da yumɓun kwarin Tafkin Chadi ne suka lulluɓe fa ɗin, su kuma a lissafin masana yara ne ƙanana, ba su riski zamanin waɗancan dabbobi ba. Ga shi kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangaren tsauni da ruwa zai zaizaye ya tona abin da ke ciki.

Amma ka gaya wa yaron kada ya raina ƙasarsu, ita ma da ajiyarta. Labarin kaka da kakanni na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo gindin Dala neman tama, kuma binciken da aka yi a Dala ya nuna ana narkar da ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7. Abin da ya kamata ɗan Gaya ya sa wa ido a gona shi ne kashin maƙera, da fasassun tukwane, da kufan tsofaffin garuruwa.

To ina namu Messel ɗin yake? Yana Sakkwato.

Daga kamar shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku mara zurfi sosai ya riƙa malalowa daga arewa, ya ratsa inda Aljeriya da Mali da Nijar suke a yau, ya shigo ƙasar Sakkwato. Yakan zo ya ja da baya, ya sake dawowa. Duk zuwa sai ya bar shimfiɗi: wani na yashi, wani na laka, wani na ɓawon dabbobin ruwa. Masana suna kiran wannan babban kwari da sunan Iwillimmeden, wato sunan wata ƙabilar Buzaye. Da suka zo sa wa shimfiɗun suna kuwa, sai suka bi al'adarsu ta ɗaukar sunan garin da abin ya fi fitowa fili. Saboda haka in ka buɗe littafin ilimin duwatsu a jami'ar Ingila ko ta Amurka, za ka ga jerin nan daga ƙasa zuwa sama: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Taloka ƙauye ne a wajen Goronyo. Dukamaje tana ƙaramar hukumar Gada, kusa da Gilbadi. Dange tana kudu da birnin Sakkwato, Kalambaina kuwa a bakin birnin take.

Tun zamanin Turawa ma'aikatan safiyon ƙasa suka fara tsintar ƙasusuwa a gangaren tsaunukan nan suna aikawa Landan. A 1930 wani masani na gidan tarihin Birtaniya mai suna Swinton ya yi rubutu a kansu. A ciki ya ambaci wani kadan teku da ya sa wa suna Wurnosaurus, wato ƙadangaren Wurno, ko da yake daga baya masana sun haɗa shi da wani dangi da aka riga aka sani. Ya kuma ambaci wata babbar dabbar teku da ya ɗauka irin ta Turai ce. Sai bayan shekara arba'in masu bincike daga jami'ar Florence ta Italiya suka zo ƙasar Goronyo suka tono ƙwaryar kan dabbar, suka ga ashe ba ta da tamka a ko'ina. A 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus nigeriensis. Bayan shekara uku wani masanin, Halstead, ya sa wa wani kadan suna Sokotosuchus, ma'ana kadan Sakkwato.

In za ka kwatanta wa ɗalibai Goronyosaurus, ka ce musu su tuna guza. Danginta na kusa a yau su ne guza da damo da macizai. Sai dai ita a ruwa take rayuwa, ƙafafunta sun zama kamar filafilan tuƙin kwalekwale, wutsiyarta ce injinta. Ƙwaryar kanta kaɗai ta haura rabin mita, doguwa siririya kamar ta kada, da haƙoran da suke shiga tsakanin juna in ta rufe baki, da idanu ƙanana. Daga ƙanƙantar idanun ne masana suka fahimci cewa a gurɓataccen ruwan bakin gaɓa take farauta, inda gani ba ya da amfani sosai. A shimfiɗin Dukamaje aka same ta, tare da haƙoran kifaye da ɓawon kunkuru. Wani abin sha'awa kuma, shimfiɗun Sakkwato sun haɗa zamani biyu. Shekara miliyan 66 da suka wuce an yi wata gagarumar halaka da ta share manyan dabbobin dauri na tudu masu kama da ƙadangaru da dangin Goronyosaurus daga doron ƙasa, kuma mafi yawan masana suna danganta ta da wani ƙaton dutse da ya faɗo daga sama a ƙasar Meziko. A shimfiɗin ƙasa akwai Goronyosaurus, a na sama babu ita, amma kadojin tekun suna nan, sun tsallake.

Ko da ba ka taɓa zuwa Sakkwato ba, mai yiwuwa ka taɓa tekun nan da hannunka. Farin dutsen Kalambaina tarin ɓawon dabbobin ruwa ne da ya daskare, in ka fasa shi sau da yawa za ka ga surar ƙumba da katantanwa a jiki. Shi ne masana'antar siminti ta Sakkwato take niƙawa tun 1967. Duk ɗakin da aka gina da buhun simintin Sakkwato, da ragowar tsohon teku aka gina shi.

Tunda tarihin gari ka tambaya, Wurno ce ta fi cancanta mu tsaya a kanta. Tana arewa maso gabas da Sakkwato, a kan tudu, tana kallon fadamar Gulbin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ne ya mayar da ita ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, domin tare Gobirawa da Abzinawa masu kawo hari daga arewa da gabas. Tudun da ya ba shi damar hangen maƙiyi daga nesa, shi ne tudun da tekun ya bari. Bello ya fi son zama a Wurno a ƙarshen rayuwarsa, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake, ana ziyara har yau. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya fi zama. A zamaninsa ne, cikin 1853, wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin ya yi makonni kafin ya wuce Tambutu. Ya rubuta labarin kasuwa da fada da yaƙe-yaƙe. A lokacin ramin Messel na ƙasarsu ma ba a fara haƙa shi ba.

Yau in ka ce Wurno, Basakkwace zai tuna hubbaren Bello da shinkafa da albasa da tafarnuwa. In ka ce Goronyo, zai tuna madatsar ruwan da aka gama ginawa a kan Rima a 1984. Ɗan makarantar da ke Florence kuwa, inda ƙwaryar kan Goronyosaurus take ajiye, ƙadangaren teku zai tuna. Suna ɗaya, kowa da abin da ya sani a kansa, kuma abin takaicin shi ne masu garin ne ba a ba su ɗaya labarin ba.

In ka tsallaka Nijar abin ya fi haka girma, domin can manyan dabbobin dauri ne na tudu. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, wani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya fara aiki a 1965, ya fito da Ouranosaurus mai tozo a gadon baya, wanda ake iya gani a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. A yankin ne aka sami Sarcosuchus, kadan da ya ninka na yau tsawo. Daga 1993 Ba'amurke Paul Sereno ya yi ta zuwa, ya tono Jobaria a wajen Ingal, garin da Fulani da Buzaye suke taruwa duk ƙarshen damina domin dabbobinsu su lashi gishiri, da kuma Nigersaurus mai haƙora sama da 500. Jamusawa ma sun zo, daga gidan tarihi na Braunschweig, suka yi tono a wajen Aderbissinat. A yawancin tafiye-tafiyen nan makiyayan yankin ne suke nuna wa baƙi inda ƙasusuwan suke, tunda sun daɗe suna wuce su da raƙuma.

Batun ruwan Ɗufana kuwa, mutane da yawa sukan yi wannan tunani in suka ga ƙumbar teku a kan tudu, kuma ba abin dariya ba ne. Abin da masu awon duwatsu suke faɗa shi ne, waɗannan shimfiɗu ba a lokaci ɗaya suka kwanta ba. Akwai na teku, a kansa na tudu, a kansa kuma wani na teku, kuma ko ɗaya babu ƙashin ɗan Adam ko kayan aikinsa a ciki, domin sun riga mutum zuwa duniya da nisan gaske. Ɗufana kuwa a zamanin mutane aka yi ta, da Annabi Nuhu (AS) da jama'arsa. Bayaninta na malaman addini ne, su za ka tambaya. Abin da zan ƙara maka kawai shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Shekara dubu da suka wuce Ibn Sina ya yi bayanin yadda dabba da tsiro suke rikiɗa su zama dutse, Al-Biruni kuma ya duba duwatsun ƙasar Indiya ya ce filin nan a da teku ne da laka ta cike.

Saura abin da za ka yi da wannan bayani a aji. Da ba don halin tsaro ba, da na ce ka haɗa kuɗin mota ka kai yara Wurno su gani da idonsu, tunda gani ya kori ji. Amma gabashin Sakkwato yana fama da 'yan bindiga, kada ka yi kasada da 'ya'yan mutane. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka nemi sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Bayero ko na Ahmadu Bello da ke Zariya, su nuna musu samfur. Ka kuma gayyato mai haƙar rijiya ajinku ya zo da ƙasar kowane gaba a leda daban, ku jera su a kan tebur daga ta sama zuwa ta ƙasa. Yaron da ya ga haka ya gama fahimtar yadda ake karanta shimfiɗun Dukamaje.

Ka kuma koya musu abin yi in sun yi tsintuwa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna na jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani baƙin itace. Bai farfasa shi ya kai murhu ba, ya sanar da na gaba, magana ta kai ga hukuma. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, ya zama kwalekwale mai shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Saboda haka duk wanda ya ga baƙon ƙashi ko tukunya a rami, ya bar shi inda yake, ya ɗauki hoto, ya gaya wa mai unguwa ko dagaci, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda take da ofis a Gidan Makama a Kano. Abin da aka cire daga mazauninsa ya rasa rabin labarinsa, domin shimfiɗin da ya kwanta a ciki ne yake faɗin shekarunsa. Dokar ƙasa kuma ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba.

Na ce maka za mu dawo kan Messel. Ramin can bai tsira daga zama juji ba sai da mutanen ƙauyen suka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu, kuma ba su sani ba sai da aka koya musu. Ƙasusuwan Goronyo suna Italiya, na Wurno suna Ingila, domin a lokacin da aka tono su ba mu da yaran da aka horar su karanta su. Ɗalibin naka ya riga ya yi tambayar da ake fara wannan ilimi da ita. Ranar Litinin ka rubuta masa Goronyosaurus a allo, ka ce ya nemo sunan garin da ya ɓuya a ciki, sannan ya nuna maka shi a taswira.